Hatsin Godiyar Kaka Da Yunwar Watan Agusta

A yawancin majami'unmu na arewa, Disamba ne watan tunawa da matalauta. A sayi shinkafa da man gyaɗa da atamfa, a kira gwauraye gaban ikkilisiya, a miƙa musu, a ɗauki hoto. Kyautar Kirsimeti ba laifi ba ce. Sai dai duk wanda ya san ƙauye ya san Disamba ba watan yunwa ba ne. Lokacin an gama girbi, rumbuna cike, farashin masara da dawa da gero yana ƙasa, ko gwauruwar da ba ta da gona takan samu ɗan kala ko ladan sussuka. Yunwa tana shigowa ne daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, kasuwa ta yi tsada, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara, aikin gona kuma yana neman ƙarfi. A wannan lokacin ne mace take sayar da akuyarta ta ƙarshe, ko ta karɓi bashin buhu ɗaya da alkawarin biyan biyu da kaka. A wannan lokacin kuma asusun jinƙai na ikkilisiya yakan kasance fanko, don an kashe shi tun Disamba.

Babu Kiristan da zai yi gardama a kan wajibin. Matiyu 25 ta jera mayunwaci da mai ƙishirwa da baƙo da marar sutura da majiyyaci da ɗan kurkuku, Yesu ya ce abin da aka yi musu shi aka yi wa. Yakubu 2 ta tambayi amfanin sallamar ɗan'uwa da fatan alheri alhali ba a ba shi abin da jikinsa ke bukata ba. Wannan kowa ya sha ji a wa'azi. Abin da ba a cika karantawa ba shi ne yadda Littafi Mai Tsarki ya damu da tsarin aikin. Dokar Musa ta ce kowace shekara ta uku a tara zakkar amfanin gona a cikin gari domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa. Yusufu ya ware kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar a shekarun ƙoshi. Ikkilisiyar Antakiya, da Agabus ya faɗa musu yunwa na tafe, kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa, suka aika ta hannun Barnaba da Shawulu. Bulus ya gaya wa Korintiyawa su riƙa ajiyewa kowace ranar farko ta mako, kada sai ya iso a fara neman abin tarawa. Ka ga duk tanadi ne tun kafin ranar bukata.

Abin da ya fi dacewa da ikkilisiyar manoma, har ma da ta birni da ke kusa da kasuwar hatsi, shi ne rumbu. Hatsin kuwa yana zuwa da kansa ranar godiyar kaka, a Oktoba ko Nuwamba. Matsalar ita ce a wurare da yawa ana tashi daga sujada sai a yi gwanjonsa, a zuba kuɗin a asusun gini. An sayar a lokacin da ya fi araha, in yunwa ta zo kuma a nemi saye a lokacin da ya fi tsada. Dattawa su yanke tun kafin ranar cewa kaso kaza, a ce rabi, ba za a taɓa shi ba sai damina, a kuma sanar da jama'a daga kan bagadi domin mai bayarwa ya san inda hatsinsa za shi.

Sai lissafi, wanda shi ne aka fi gudu. Ma'aunin da hukumomin agaji suke aiki da shi ga mutumin da ba shi da wata hanyar abinci shi ne kalori 2,100 a rana. In an mai da shi kayan kasuwa, ya kama kusan giram 400 na hatsi, giram 60 na wake, giram 25 na mai, giram 5 na gishiri, da ɗan ƙari na garin kunu mai gina jiki. Gida mai mutum 6 ke nan zai ci kilo 72 na hatsi a wata, wake kusan kilo 11, mai kusan lita 5, gishiri kusan kilo 1. Tiya ko kwanon awo na Kano yana ɗaukar wajen kilo biyu da rabi, buhu mai kilo 100 kuma tiya 40 ne, amma mudu ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, don haka a auna na garinku a sikeli sau ɗaya, a rubuta, a ware kwano guda wanda da shi kaɗai za a riƙa awo. Gidaje 20 na wata 3 a cikakken rabo za su ci buhu 43. Ikkilisiya kaɗan ce za ta iya wannan, kuma ba lallai ba ne, domin yawancin gwauraye suna da 'yar gona ko 'yar sana'a, abin da suke nema ciko ne. Rabin rabo ya kama buhu 22 na hatsi da buhu 3 da ɗoriya na wake. Buhu 22 tiya 880 ne. In gidaje 150 a ikkilisiya kowanne ya kawo tiya 6, an haɗa. Da an faɗi adadin haka a fili, mutane sukan ga abin ba shi da nauyin da suke zato.

A haɗa da ɗan kuɗin niƙa da na cefane. Wanda aka ba tsabar masara ba shi da ko sisi, dole ya sayar da wani abu daga ciki don ya biya mai injin, ya sayi kuka da daddawa da itace. Sai wani ya gan shi a kasuwa ya kawo ƙara wai yana sayar da kayan taimako, alhali laifin na masu rabon ne.

Ajiya ita ce inda rumbunan ikkilisiya da yawa suke mutuwa. Hatsin godiya yana zuwa daga gonaki daban-daban, wani ya bushe, wani da sauran laima, in aka haɗa su a buhu ɗaya mai laimar zai lalata sauran. Masara ba ta ajiyuwa sai laimarta ta sauka zuwa kashi 13 cikin ɗari ko ƙasa. Ba sai da na'ura ba. A samu kwalba busasshiya mai murfi, a zuba hatsi zuwa sulusinta, a ƙara cokali 2 ko 3 na gishirin da aka shanya ya bushe sarai, a girgiza minti ɗaya, a ajiye minti 15, a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi rana a kan tamfol, ba a ƙasa tsirara ba. Masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna ba ta shiga rumbu ko da wa ya kawo ta. Fumfunar tana haifar da guba mai suna afalatoksin wadda dafuwa ba ta kashewa, tana cin hanta, tana kuma tsumburar da yara. Akwai masu tunanin abin da ya ɗan lalace ai ya isa sadaka. Wannan tunanin ba shi da wurin zama a rumbun Ubangiji.

Ga ƙwari kuwa, musamman a wake, buhu mai ninki uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar, ya sauƙaƙa aiki. Leda biyu ne masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. A duba kowace leda ko da huda, ta hanyar cika ta da iska a matse. A sa ɗaya cikin ɗaya, a zuba hatsi ana girgizawa don ya zauna, a bar sarari a sama, a matse iskar ta fita, a murɗe bakin ledar farko a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu daban, sannan buhun waje daban. Ƙwarin da ke ciki suna shanye iskar da ta rage su mutu, ba a sa ko ɗigon magani ba. Abin da ke ɓata shi uku ne: ɓera ya huda, ko tsinken kara da ba a sheƙe ba ya tsaga leda, ko wani ya riƙa kwancewa yana ɗiba. Buhun da aka ɗaure a Nuwamba kada a buɗe shi sai ranar rabo. A jera buhuna a kan katako, nesa da bango da taku ɗaya, a ɗakin da rufinsa ba ya yoyo.

Kada a yarda kowa ya yayyafa wa hatsin ikkilisiya maganin ƙwari na ruwa irin su Sniper. Sinadarin da ke cikinsa, dikulobos, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Ƙwayar nan kuma da ake jefawa cikin buhu mai fitar da iskar guba tana kisa in an yi amfani da ita a ɗakin da ke manne da wurin kwana, kuma sau da yawa ɗakin ajiyar majami'a yana jikin ɗakin mai gadi ne ko gidan fasto.

Yanzu wa za a ba? A nan rigima take, kuma tsohuwar rigima ce. Ayyukan Manzanni 6 ta ba da labarin gunagunin farko a ikkilisiyar Urushalima, ba a kan koyarwa ba, a kan rabon abinci: Yahudawa masu jin Helenanci suka ce ana tsallake gwaurayensu a rabon yau da kullum. Manzanni ba su ce musu su yi haƙuri su daina raba kan jama'a ba. Sun ce jama'a su zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, aka danƙa musu aikin. Duba sunayen: Istifanas, Filibus, Nikolas mutumin Antakiya da sauransu, duka bakwai ɗin sunayen Helenanci ne. Ana iya fahimtar cewa ɓangaren da ya yi kuka shi aka ba ludayin. Majami'a ɗaya a Jos ko Kaduna ko Yola tana iya haɗa Berom da Ngas da Bajju da Bura da Margi da Tibi da Hausawa, kuma in kwamitin jinƙai duk 'yan ƙabilar da ta kafa majami'ar ne, ko ba su yi niyyar son kai ba, gidajen da suka sani su za su tuna. A sa baƙi a kwamitin. A sa mata, aƙalla rabi, daga Zumuntar Mata, domin su ne suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba jiya. Fasto kuma ya tsaya a gefe. Ranar da ya zama mai riƙe da makullin rumbu, duk wanda bai samu ba zai ji wa'azinsa da wani kunne dabam.

Ba a rubuta suna a majami'a ta hanyar cewa mabukata su ɗaga hannu. Masu bakin magana za su cika takarda, wanda yunwa ta fi ci kuwa kunya za ta hana shi motsi. Ziyara ake yi gida-gida, mutum biyu tare, mace da namiji in zai yiwu. Ƙungiyar Vincent de Paul ta Katolika, wadda Frédéric Ozanam da abokansa suka kafa a Paris a 1833, a kan wannan ta ginu: a je gidan mutum, biyu-biyu. A zauna a gaisa, a tambayi mutum nawa ke ci daga tukunya ɗaya, nawa ne 'yan ƙasa da shekara 5, akwai mai ciki ko mai shayarwa, akwai mai doguwar jinya, sau nawa aka ci abinci jiya, an sayar da dabba ko kayan ɗaki a watan nan, akwai gona, wa ke nome ta. A rubuta amsoshin a littafi ɗaya wanda mutum uku kaɗai ke gani. Ma'auni kuma ya bi yawan bakuna. Ba adalci ba ne tsohuwa mai zaman kanta da mace mai 'ya'ya bakwai su karɓi tiya goma-goma don kawai kowacce sunanta gwauruwa.

Bulus ma ya yi maganar rajista. A 1 Timoti 5 ya ce a rubuta gwauruwar da ta kai shekara 60, ya kuma ce wadda take da 'ya'ya ko jikoki su fara ɗaukar nauyinta, don kada a nawaita wa ikkilisiya ta kasa kula da waɗanda ba su da kowa. Kashi na biyun nan yana aiki har gobe. Akwai tsofaffin da 'ya'yansu ke karɓar albashi a Abuja suna cikin jerin masu karɓar hatsi, kuma aikin dattawa ne su kira ɗan a waya su gaya masa gaskiya. Amma kada a mai da shekara 60 katanga. Hare-haren Borno da Adamawa da Filato da kudancin Kaduna da Binuwai sun bar gwauraye 'yan shekara ashirin da wani abu da goyo a baya, su ne kuma sau da yawa suka fi shiga uku, musamman in dangin miji sun karɓe gona. A irin wannan, dattijo biyu da za su raka ta gaban mai unguwa ko dagaci a kan maganar gonar sun fi mata buhu biyar amfani.

Wanda ba Kirista ba fa? Galatiyawa 6:10 ta ce a yi wa kowa alheri, tun ba ma 'yan'uwa masu bi ba. Akwai fifiko, amma babu shinge. Maƙwabciya Musulma da mijinta ya rasu, 'ya'yanta na wasa da namu, in an tsallake ƙofarta an kai wa ta gaba, unguwa duka ta karanta saƙon. Lokacin da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a ƙarshen Oktoba 2014, har hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya (EYN) da ke Kwarhi ta tashi, dubban mutane suka kwarara Yola, cocin Katolika na Saint Theresa ya buɗe musu ƙofa. Daga baya Bishop Stephen Dami Mamza na Katolika a Yola ya gina wa waɗanda suka kasa komawa gida rukunin gidaje 86 a Sangere-Marghi, aka buɗe a 2021, da coci da masallaci, domin akwai Musulmi a cikinsu. An yi ta ce-ce-ku-ce a kai, amma ni a ganina ya karanta labarin Basamariye mai jinƙai na Luka 10 daidai. Sharaɗi guda ne ba a yarda da shi ba: kada a ɗaura hatsi da zuwa sujada. Wanda aka ce sai ya zauna wa'azi kafin a auna masa, ya gane ciniki ake yi da cikinsa.

Ranar rabo ita ce mafi hatsari, kuma an riga an biya wannan darasi da rayuka. A 28 ga Mayu 2022, mutum 31 suka mutu a turmutsutsu a Fatakwal wajen rabon kayan kyauta da wani coci ya shirya. A 21 ga Disamba 2024, mutum 10 suka mutu a harabar cocin Holy Trinity da ke Maitama a Abuja, a ranar kuma wasu 22 suka mutu a wani rabon shinkafa a Okija ta jihar Anambra. Yanayin kusan iri ɗaya ne: an sanar a fili, jama'a suka taru tun kafin asuba fiye da kayan da aka tanada, ƙofa ƙarama, da aka buɗe na baya suka danno na gaba. Masu shiryawa alheri suka nufa. Don haka kada a yi shelar rabo, ko a bagadi ko a WhatsApp. Wanda sunansa ke littafi a ba shi kati mai lamba da rana da sa'a, gida 10 a sa'a guda ya isa. A auna kason kowa a ɗaure tun daren jiya da lambarsa a jiki. Ƙofar shiga daban, ta fita daban. Mafi kyau ma, in gidajen ba su wuce 30 ba, matasa su kai wa kowa har gida da yamma a Keke Napep ko amalanke, ba kiɗa ba hoto. Matiyu 6 ta hana busa ƙaho, kuma kyamarar waya ƙaho ce. In masu ba da gudummawa daga nesa suna son shaida, a ɗauki hoton buhuna da rasit, a bar fuskar mutane.

A raba wata-wata, kada a ba da na wata uku a tashi ɗaya. Buhu biyu a ɗakin gwauruwa suna jawo mai bin bashi da ɗan'uwan miji da maƙwabcin da ba a iya hana shi. A miƙa wa matar gida hannu da hannu.

Masu ziyara su riƙe abu ɗaya a aljihu: ɗan tef ɗin nan mai launi uku na auna damtsen yaro, wanda ake samu a asibitocin sha-ka-tafi. Ana auna tsakiyar damtsen hagu na yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. In ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko kuwa an danna bayan ƙafafunsa biyu da yatsa na daƙiƙa 3 wurin ya lotsa bai taso ba, wannan tamowa ce mai tsanani. Tuwo ba zai warkar da shi ba, a kai shi asibiti a ranar, a biya kuɗin mota. Abincin gyaɗa na leda da za a ba shi magani ne, a gaya wa uwar kada ta raba wa 'yan'uwansa. In ya faɗa ruwan ɗorawa, tsakanin 11.5 da 12.5, Zumuntar Mata za su iya da garin kunun da ake kira Tom Brown: awo 6 na gero ko dawa ko masara, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa, a soya kowanne daban sama-sama, a cire ɓawon waken, a niƙa tare. Abin da kwamiti ba zai taɓa rabawa ba shi ne madarar gwangwani ta jarirai da bulumboti. A gidan da ba ruwa mai tsabta, wannan kyautar gudawa take kawowa, ta kuma sa nono ya janye. A ciyar da uwar, ita ta shayar.

Wani lokacin ba a samun sukunin wannan shiri duka. A kai hari da dare, ko ruwa ya ci gari kamar yadda ya faru a Maiduguri a Satumba 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, gari ya waye harabar majami'a cike da mutane. Kowa tunaninsa shinkafa da tabarma, amma abin da ke fara kashe mutane a irin wannan cunkoso ruwa ne da bayan gida. Mutum ɗaya yana bukatar aƙalla lita 15 a rana na sha da girki da wanka. Mutum 300 ke nan lita 4,500, jarka 180 mai lita 25, kowace rana. Masai ɗaya ga mutum 20 ake nema, in ya gagara a kwanakin farko a fara da ɗaya ga 50, na mata daban da na maza, da fitila, nesa da rijiya da aƙalla mita 30. A sa buta da sabulu a bakin kowanne. Ruwan sha a sa masa ƙwayar kulorin yadda aka rubuta a jikin takardarta, a jira minti 30. Kwalarar da ta ɓarke a sansanin Muna Garage na Maiduguri a 2017 ta nuna saurin da abin ke yi. Wanda ya fara gudawa a haɗa masa ruwan gishiri da sukari nan take, lita 1 na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana sha ana hanyar asibiti. A rubuta sunan kowa a daren farko, a ware yaran da suka zo ba iyaye a damƙa su ga matan da aka sani, a kuma sanar da ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma saboda rigakafin ƙyanda. Bayan 'yan kwanaki yawancin mutanen za su watsu cikin gidajen 'yan'uwa da abokan arziki. Kada a manta da waɗannan masu masaukin. Magidancin da ke ciyar da mutum 7 ya koma ciyar da 19, ba ya cikin jerin kowa, rumbunsa kuma zai ƙare tun Maris.

Hatsi yana tsare rai ne kawai, ba ya fitar da gida daga jerin. Abin da ke fitarwa shi ne gonar da aka nome a kan lokaci. Gayya tsohuwar al'ada ce, ƙungiyar matasa za ta iya ware Asabar biyu, ɗaya ta huɗa ɗaya ta noman farko, a gonakin gwauraye. Hekta ɗaya ta masara tana cin iri kilo 20 zuwa 25. A ba da irin ana gab da shuka, kuma bayan an riga an ba da abinci, in ba haka ba za a dafa shi, irin da aka yi wa magani kuwa guba ne. Kuɗin makaranta a biya makaranta kai tsaye a karɓi rasit, na asibiti ma haka. Jarin sana'a kada a kira shi bashi in an san ba za a iya bi ba, kada kuma a kira shi kyauta in ana sa ran ya dawo. Rashin fayyace wannan ya raba mutane da yawa da majami'a: mace ta kasa biya, kunya ta hana ta zuwa sujada. Keken ɗinki ga wadda ba ta iya ɗinki ba, a unguwar da teloli suka yi yawa, ƙarshensa kasuwa. A tambaye ta abin da ta iya tukuna. Mai lafiya da ya mai da roƙo sana'a kuwa, 2 Tasalonikawa 3:10 ta yi maganinsa, amma ayar tana magana ne a kan wanda ya ƙi aiki, ba wanda ya nema ya rasa ba, kuma 'ya'yansa ba su yi laifin komai ba.

Saura amana. Da Bulus zai kai gudummawar ikkilisiyoyi Urushalima, bai ɗauka shi kaɗai ba. A 2 Korintiyawa 8 ya ce an haɗa Titus da wani ɗan'uwa da ikkilisiyoyi suka zaɓa da kansu, don kada wani ya sami abin zargi, yana so abin ya zama daidai a gaban Ubangiji da gaban mutane kuma. In manzo ya nemi shaidu, ma'ajin kwamiti ba shi da dalilin jin haushi don an ce a ƙirga buhu. Kwaɗo biyu a ƙofar rumbu, makullansu a hannun mutum biyu da ba dangi ba. Littafi mai shafin shiga da na fita, da kwanan wata, da sa hannu ko dangwalen mai karɓa. Ba a ba kowa aro daga rumbu, ko dattijo ne, ko don taron ikkilisiya ne, domin buhun da aka ara don babban taro da sunan za a mayar ba ya dawowa. Kowane wata wasu mutum biyu da ba 'yan kwamiti ba su shiga su ƙirga.

A ƙarshen Satumba, sabuwar masara ta fara shigowa, sakataren kwamiti ya tashi a gaban jama'a ya karanta: buhu nawa suka shiga, nawa suka fita, gida nawa suka samu, nawa suka lalace da dalilin lalacewarsu, ba tare da ambaton sunan kowa ba. Abin da ya rage a rumbu a rabar ko a sayar a ajiye kuɗin don sayen sabo, kada a haɗa tsoho da sabo. A share ɗakin, a toshe ramukan ɓera da siminti, a duba ledojin buhunan ɗaya bayan ɗaya a ware masu huda. Sannan masu ziyara su sake zagayawa kafin godiyar kaka, domin jerin bara ba zai yi aiki bana ba: wasu sun farfaɗo, wasu sun ƙaura, an kuma yi sababbin gwauraye a cikin shekarar.